Bin Tankar Kashin Alade a Ƙasar Denmak

Wari ne ya fara yi mini maraba. Mun bar birnin Aarhus da hantsi a wata tsohuwar mota da ɗan yayata ya aro, muka miƙi yamma. Ba mu yi rabin awa ba sai wani abu ya cika motar, mai kauri, mai sauka har maƙogwaro. Na dube shi, ya dube ni, ya fashe da dariya.

"Kawu, wallahi ba motar ba ce. Lokacin shuka ne ya zo."

Ya nuna mini wata tarakta can tsakiyar gona, tana jan tanki, a bayanta tiyo barkatai suna jan ƙasa kamar gashin da aka tsefe. Kashin alade ne mai ruwa take zubawa. Mutanen ƙasar suna kiransa gylle, kuma daga farkon Fabrairu doka ke ba su damar fara kai shi gona. Mu kuwa a watan Afrilun 2024 muke, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar Salla, wato mun zo ana tsakiyar hidima.

Kafin wannan tafiya, abu biyu na san Denmak da su, kamar yawancin mutanenmu: madarar Dano, da rikicin zanen ɓatancin nan da ya tashi a 2005. Yaron ne, da yake karatun makamashi a can, ya dame ni da waya cewa in na zo taro Turai in raɓo in ga yadda ake mayar da kashin alade wuta. Na ce masa duk abubuwan kallo na ƙasar Turawa ya rasa abin da zai gayyaci kawunsa gani sai najasa? Ya ce in dai zo.

Daga Kopanhegan zuwa Aarhus jirgin ƙasa na shiga, tafiyar wajen awa uku. Ya nutsa ta ƙarƙashin teku, ya fito ya hau gada, ya ratsa Odense da Fredericia da Vejle da Horsens. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar faifai. Tudunta mafi tsawo bai wuce mita 171 ba, wato mai zaune a tsakar gidansa a Kano ya fi wanda ya hau ƙololuwar Denmak nisa da teku. Wajen kashi 60 cikin 100 na ƙasar gona ce. (Mai karatu ya yi haƙuri, a wannan labari kalmar kashi aiki biyu za ta yi, sai ya riƙa lura da wanda ake nufi.) A 2024 mutanenta ba su cika miliyan 6 ba, aladunta kuwa sun haura miliyan 11. Ina leƙe ta taga tun daga fitowarmu har saukarmu, na ga shanu, na ga dawaki, na ga farfelolin iska. Alade ko ɗaya ban gani ba.

Gonar da muka fara zuwa ta wani dattijo ce da ɗansa, a yammacin Jutland. Tun a hanya nake ta saƙe-saƙe: yaya zan yi da tufafina, ina zan yi sallar azahar, in wata dabba ta goge ni fa? Da muka isa sai dattijon ya tare mu a farfajiya, ya ba mu haƙuri, ya ce ba zai iya barina in shiga ɗakin aladun ba. Ni baƙo ne daga wata ƙasa, ban daɗe da sauka ba, ana tsoron in kwaso musu cuta a takalmi ko a riga. Cutar zazzaɓin aladu ta Afirka ita ce dodonsu, har shingen waya na kusan kilomita 70 suka ja a iyakarsu da Jamus a 2019 don kada aladun daji su tsallako da ita. Ashe ina tsoron alade ya ɓata ni, mai alade yana tsoron in ɓata masa alade. Ɗan yayata ya juya baya yana danne dariya. Ni dai na ce alhamdu lillahi, faɗuwa ta zo daidai da zama.

Da dattijon ya ji daga Najeriya nake, sai ya ce, "Numan?" Na yi mamaki. Ya ce tun yana yaro yake jin sunan garin a cocinsu. Gaskiyarsa kuwa, wani likita ɗan mishan daga Denmak, Niels Brønnum, ya sauka Numan a 1913, daga aikinsa ne cocin Lutheran ta Najeriya ta samo tushe, hedikwatarta tana can har gobe. Muka sha kofi a kan wannan, sannan ya zagaya da mu bayan ginin.

A nan ya yi mana bayanin abin da ba mu gani ba. Daɓen ɗakin aladun siminti ne mai tsaga-tsaga, kashi da fitsari da ruwan wanki duk suna zurarewa ƙasa cikin kwata, daga nan a zuƙe su zuwa wata rijiya a waje. Tun Mayun 2023 doka ta tilasta wa masu kiwon aladun yanka su riƙa kwashe na ƙarƙashin daɓen duk mako, domin in ya daɗe a ɗumin ɗakin yakan fara sakin iskarsa a banza. Gefe guda kuma ga wani ƙaton tanki na siminti mai rufin tamfol kamar laima, wanda tsakar gidan mutum za ta shige ciki har da saura. Wannan ma'ajiyar abin da aka dawo da shi ce.

Muna tsaye tankar ta iso, ba ta yi lattin ko minti biyar ba. Direban bai ko sauko ba. Daga mazauninsa ya miƙa wani hannun ƙarfe, ya juye abin da ya kawo a cikin babban tankin, ya gyara tsayuwa, ya tsoma hannun a rijiya ya zuƙi sabo. Sama da tan 30 ya ɗauka kafin kofin da ke hannuna ya huce. Ba a ƙirga kuɗi ba, ba a yi ciniki ba, ba a sa hannu a takarda ba. Na tambayi dattijon nawa ake biyansa. Ya ce shi ba sayarwa yake ba, aro yake bayarwa. Su ɗauki ɗanye, su cire iskar da ke ciki, su dawo masa da takinsa.

A lokacin ban gane nauyin wannan magana ba. Sai da yamma, ɗan yayata yana ba ni tarihin yankin, abin ya faɗo mini. A wani ƙauye mai suna Hjedding, nan yammacin Jutland, manoma suka kafa kamfanin madara na gama-kai na farko a ƙasar a 1882. Kowa ya kawo madararsa, a cire mai a sayar, a mayar masa da tsala. Tsalar nan ita suka riƙa ba aladu, aladu suka yi yawa, har a 1887 aka buɗe mayankar gama-kai ta farko a Horsens, aka shiga tura nama Ingila. Wato shekara ɗari da arba'in ke nan mutanen nan suna abu ɗaya: mota ta zo ƙofar gida a kan lokaci, ta ɗauki kaya, a cire mai amfani a wuri ɗaya, a dawo wa kowa da saura, kuma kowa ya yarda ba za a cuce shi a awo ba. Jikokin masu ba da madara a dawo musu da tsala su ne yau ke ba da kashi a dawo musu da taki. Injin sabo ne, amma ɗabi'ar ta gado ce.

Muka bi bayan tankar har masana'anta, tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba. Da gangan ake gina su kusa da gonaki, domin kayan da ake ɗaukowa yawancinsa ruwa ne, in hanya ta yi nisa kuɗin man dizal sai ya cinye ribar. Aka ba mu hular kwano da takalman roba. Wata injiniya, mace mai fara'a da saurin magana, ita ta zagaya da mu. Tankar ta shige wani zaure aka rufe ƙofa, ta sauke, aka wanke ta tas kafin ta sake fita, don kada ta kai cutar wata gona zuwa wata. Iskar zauren ma ba a barinta ta fita sai an tace ta. Abin mamaki, a harabar masana'antar warin bai kai na hanya ba.

Randunan ruɓarwar suna jere, kowace ta fi bene mai hawa biyar tsawo. Injiniyar ta ce in ina son in fahimce su, in ɗauke su tumbin saniya ne aka yi da ƙarfe. Ciki duhu ne, ba iskar shaƙa ko kaɗan, ana riƙe zafinsa a wajen digiri 52, wata babbar muciya tana juyawa a hankali dare da rana. Wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su narkar da kayan su mayar da shi tsami, wasu kuma su ci tsamin su fitar da iska. Kayan yakan yi makonni a ciki. Kuma kamar saniya, randar ba ta son a canja mata abinci farat ɗaya. In aka ɗura mata mai da yawa sai cikinta ya yi tsami, masu fitar da iskar su mutu, a yi makonni ana jinya. Na ce mata makiyayanmu sun san wannan ciwo, shi ne in akuya ta samu buhun hatsi a buɗe.

A nan ne ta faɗi abin da ya rushe duk tunanin da na zo da shi. Ta ɗebo kashin aladen a wani kofin awo ta ɗaga. Ruwa ne tsululu, kamar an dama kunun kanwa an manta gari. Ta ce abin da ke cikinsa mai kauri bai fi kashi biyar ko shida cikin ɗari ba, kuma tan guda da ƙyar yake ba da iska wajen kubik mita 20. Tan guda na karan alkama ya ninka haka fiye da sau goma. Saboda haka ba a barinsa shi kaɗai. Ana haɗa shi da kashin shanu, da shimfiɗar garke, da kara, da ragowar abincin gidaje da kantuna, da tarkacen mayanka, wasu daga ciki sai an dafa su awa guda a zafin digiri 70 don kashe cuta. Kashin aladen shi ne ruwan miya, naman daga wani wuri yake zuwa. Masana'antun farko, irin wadda aka gina a Vester Hjermitslev a 1984, sun sha asara kafin a gane haka.

Iskar da ke tashi daga randa wajen kashi 60 cikin 100 metan ce, ita ce mai kamawa da wuta. Saura yawanci iskar kabon ce, da ɗan wata mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda ke cin ƙarfe. Tsofaffin masana'antu ƙona ta suke a inji, su sami lantarki, zafin injin kuma su dafa ruwa da shi su tura gidajen gari ta bututu don ɗumama ɗakuna. Sababbin kuwa wanke ta suke, su ware kabon ɗin, metan zalla ta shiga babban bututun gas na ƙasa. A masana'antar Korskro kusa da Esbjerg, kabon ɗin ma ba a yar da shi, tacewa ake a sayar.

Ta kai mu inda iskar ke barin harabar. Bututu ne kawai, da agogon awo, ba ƙara ba wari. Na tsaya ina kallonsa ina tuna darasin istihala da muka yi a zaure, inda malamai ke kawo misalin giyar da ta juye da kanta ta zama khal. Masana kimiyya dai sun ce metan ɗin da ke cikin bututun nan ba ta da bambanci da wadda ake haƙowa a Neja Delta, ko ƙwaya ɗaya ta alade babu a cikinta. Hukunci na malamai ne. Ni abin da na yi shi ne na cire takalman roba, na yi alwala a bayan ofis, injiniyar ta ba ni wani ɗaki mai tsabta na yi azahar da la'asar.

Kada mai karatu ya ɗauka son tsabta ne ko tsananin wayo ya kai su nan. Dole ce, ƙanwar na ƙi. A 1973, da Larabawa suka rufe famfon mai, sama da kashi 90 na makamashin Denmak man da ake shigowa da shi ne, har sai da aka hana tuƙa mota ranar Lahadi. Wannan ya sa suka shiga neman wuta a duk inda take. Na biyu kuma ya fi ciwo. A kakar 1986 masunta suka fito da wani irin babban jatan lande daga tekun Kattegat, duk matattu, aka nuna a talabijin, ƙasa ta ɗauka. Takin da ke zurarewa daga gonaki ne ya ciyar da gansakuka, gansakuka ta mutu ta ruɓe ta shanye iskar ruwan. A 1987 majalisa ta yi dokar kare ruwa, da burin rage naitirojin da ke shiga teku da rabi. Aka tilasta wa manomi ya tanadi wurin ajiye kashin dabbobinsa na watanni har tara, aka ƙayyade masa lokacin zubawa da yawan da zai zuba. Mutumin da doka ta ɗaure haka, in wani ya zo ya ce zai kwashe masa ya dawo da shi ya fi kyau, ai ba sai an roƙe shi ba. Takin da ya bi ta randa warinsa ya ragu, shuka ta fi saurin shansa, 'ya'yan ciyawar da ke ciki kuma sun mutu.

Na uku kuɗi ne. Yarjejeniyar makamashi ta 2012 ita ta ba da tallafi ga mai tura iskar cikin bututun ƙasa, daga nan ne manyan masana'antu suka yi ta tsirowa. Da Rasha ta yanke wa Denmak gas a Yunin 2022, ga kuma babbar rijiyarsu ta Tyra a rufe ana gyara, sai aka ga ranar abin. A 2023 kusan kashi 40 cikin 100 na gas ɗin da ƙasar ta yi amfani da shi daga irin waɗannan randuna ya fito, ko da yake raguwar amfani da gas ɗin ma ta taimaka wa lissafin. A shekarar ce kamfanin Shell ya kammala sayen Nature Energy, babban mai wannan sana'a a ƙasar, kan kusan dala biliyan 2. In ka ga mai rijiyar mai ya sa hannu a aljihu don kashin dabba, ka san ba wasa a ciki.

Amma ban baro ƙasar da tafi kaɗai ba. A hanyar komawa jirgin ya sake bi ta gefen Vejle, inda wani hannun teku ya shigo cikin ƙasa, ruwa shuɗi, itatuwa har gaɓa. Wata mata da ke kujerar gabana ta ga ina ɗaukar hoto, ta ce ai ranar 6 ga watan nan aka yi jana'izar wannan ruwa. Na ɗauka ban ji daidai ba. Ashe masu kamun kifi da masu rajin kare muhalli ne suka taru, har da limamin coci, suka yi masa makoki, domin ƙarƙashinsa kusan babu sauran mai rai. Randa tana cire iska daga kashi, ba ta cire naitirojin. Duk abin da ya shiga da shi, da shi yake fita, ya koma gona, in ya fi ƙarfin shuka ruwan sama ya kai shi teku. Ga kuma yoyo: wani awo da hukumar makamashin ƙasar ta sa aka yi ya nuna wajen kashi 2.5 cikin 100 na metan ɗin yana tserewa daga masana'antun, alhali ita metan ta ninka kabon kusan sau 28 wajen ɗumama duniya. Masu suka suna cewa kowace sabuwar randa wani dalili ne na kada a rage aladu, tun da an zuba kuɗi sai an ciyar da ita shekara ashirin. A ganina suna da gaskiya. Randa magani ce mai kyau ga kashin da ya riga ya taru, amma ba ta amsa tambayar ko ƙaramar ƙasa irin wannan za ta iya ɗaukar aladu miliyan 11. Wata biyu bayan dawowata, gwamnati da manoma suka amince a fara karɓar haraji kan iskar da dabbobi ke fitarwa daga 2030, abin da ba ƙasar da ta riga su yi.

Daren ƙarshe kafin in baro Aarhus ɗan yayata ya dafa mana shinkafa da wake, ya zauna ya ce, "To Kawu, a gida fa?"

Na ce masa kada ya koma da zancen randa mai hawa biyar. Alade dai akwai masu kiwonsa a kudancin Kaduna da yankin Numan, kasuwar aladun Kafanchan ta ranar Alhamis ma sananniya ce, kuma duk mai garke a ɗaure zai amfana da 'yar ƙaramar randa a bayan gida. Amma dukiyarmu shanu ce, shanunmu kuma tafiya suke, kashinsu a warwatse yake daga nan har inda kiwo ya kai su. Wanda ya taru ma yana da mai shi. Manomin da ke roƙon Bafulatani ya sauka a gonarsa bayan kaka, da mai jakin da ke kai taki bayan gari a mangala, ba su taɓa ɗaukar kashin dabba shara ba. Duk wanda zai karɓa daga hannunsu sai ya yi irin alkawarin da aka yi wa dattijon Jutland, ya dawo musu da takinsu, kuma ya cika. Zafin da Turawa ke ƙona wuta su samar, mu Allah ya ba mu kyauta in ban da lokacin hunturu. Ruwan damawa ne zai ba mu wuya, domin kashin shanu sai an haɗa shi da ruwa kusan daidai wa daida. Ilimin kuma ba baƙo ba ne, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato ta daɗe tana gina irin waɗannan randuna.

Inda kayan ke taruwa da kansu kullum, a wuri ɗaya, ba mai nema, shi ne kwata. Mai karatu, in akwai mayanka a garinku, daure ka je da sassafe. Dubi tulin abin da ake zazzagewa daga tumbi, da jinin da ake korawa lambatu. Sannan ka ɗaga kai ka dubi baƙin hayaƙin tsofaffin tayoyin da ake babbaka da su, taku kaɗan daga wurin. In kana da faɗa a wurin Sarkin Pawa ko shugaban ƙaramar hukuma, kai su su gani da idonsu.